Ba Kerr, ba Fowler: wa Ostireliya za ta sa a gaba gobe da Najeriya?

Laraba, 26 ga Yuli, 2023

Baban Hanifa (Birisben):
Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai ji ba ya ji. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ostireliya ta tabbatar yau cewa Mary Fowler da Aivi Luik ba za su buga wasan gobe da Najeriya a gasar cin kofin duniya ta mata ba. Su biyun sun bugu a ka wurin atisaye jiya Talata, kuma ba da juna suka yi karo ba, kowacce da nata tsautsayin. Sam Kerr dama an faɗa tun makon jiya cewa wasa biyun farko ba da ita ba, saboda ciwon sha-raɓa. Kyah Simon tana cikin 'yan wasa 23 da aka zaɓa amma ba ta gama warkewa ba. Ke nan a cikin 'yan gaba shida da koci Tony Gustavsson ya ɗauko, uku suka rage masa: Caitlin Foord, Hayley Raso da Cortnee Vine, biyu daga ciki kuma 'yan gefe ne. To wa zai tsaya kusa da Foord gobe? Ni na ce Emily van Egmond. A zo a ja.

Maman Amira (Melbon):
Wa alaikumus salam Yaya. Ai ka san ba zan bari wannan ta wuce ba. Alex Chidiac fa? Yarinyar da aka ba kyautar Julie Dolan ta gwarzuwar lig ɗin ƙasar nan a kakar da ta wuce, alhali aro Melbourne Victory ta yi ta, ba ta ma buga kakar duka ba. Idan ba a sa ta a rana irin ta gobe ba, yaushe za a sa ta?

Baban Hanifa (Birisben):
Hajiya, abin da kike so daban, abin da Gustavsson zai yi daban. Mutumin nan ba ya fara wasa da Chidiac. Ajiye ta yake yi sai ƙafafu sun yi nauyi.

Maman Amira (Melbon):
To ai matsalar ke nan. A wasan Ayalan ma ko minti ɗaya bai ba ta ba. An ba shi damar canji biyar, biyu ya yi: van Egmond, sai Clare Polkinghorne can ƙarshe don a tsare gida.

Ɗan Kaduna:
Barkanmu da safiya, mu nan yanzu gari ya waye. Ni dai jin daɗin muhawarar nan nake yi. Ku ci gaba da lissafin marasa lafiya, mu namu dawowa suke yi. Rasheedat Ajibade da 'yar gida Halimatu Ayinde sun gama hukuncin jan katin da aka ba su a Rabat bara a gasar Afirka ta mata. Gobe za ku gan su.

Baban Hanifa (Birisben):
Kai kuma ka manta Deborah Abiodun? Ita ce ta riƙe tsakiya a wasan Kanada, sai ga jan kati a ƙarin lokaci.

Ɗan Kaduna:
Ban manta ba Baba. Ta fita, Halimatu ta shiga gurbin. Ba asara.

Malam Koci (Zariya):
Salam. Bari in ɗan tsawaita, a yi haƙuri da ni.

Ina ganin duk mun maƙale a kan suna, alhali matsalar Ostireliya gobe ba ta suna ba ce. Ku duba manyan wasannin da suka ci a watannin nan. Suwidin 4-0 a Nuwamban bara, Sifaniya 3-2 a Fabrairu, Ingila 2-0 a Afrilu a Landan, wanda ya katse wa Ingila wasa 30 ba a doke ta ba, sai Faransa 1-0 ranar 14 ga watan nan. Duka ƙasashe ne masu son riƙe ƙwallo. Suna matsowa gaba, su bar fili a bayansu, Ostireliya ta ƙwace, Gorry ko Cooney-Cross ta cilla, Vine da Raso su yi gudu, Kerr ta ƙarasa. A kan haka Gustavsson ya gina tsarinsa na 4-4-2.

Da suka haɗu da Ayalan fa? Ayalan ta jera mutum biyar a baya, ta ce ga ƙwallo ku yi yadda za ku yi. Suka yi ta zagaye, daga Catley zuwa Hunt, daga Hunt zuwa Carpenter, a ɗaga sama, a fitar da ka. Ba don Marissa Sheva ta ture Raso a cikin da'ira ba, Steph Catley ta ci fenariti a minti na 52, da yanzu wani zancen ake yi. A gaban mutum fiye da dubu 75 fa.

Kocin Najeriya Randy Waldrum ya kalli wannan wasan. Ba zai buɗe musu fili ba. Bambancin kawai shi ne Ayalan in ta ƙwace ƙwallo ba ta da masu gudun da za su hukunta ka, Najeriya kuwa tana da su. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ita ce: wace ce za ta iya karɓar ƙwallo a matsatsi, tsakanin 'yan tsakiya da 'yan bayan Najeriya, ta juya ta ba da? Fowler ce gwanar wannan, ga ta babu. A nan kam ina tare da Hajiya. Chidiac ta fi kusa da irin wasan Fowler.

Maman Amira (Melbon):
Allah Ya saka da alheri Malam. Yaya ka ji.

Baban Hanifa (Birisben):
Na ji, amma ban sauka ba. Malam, ka bar ɓangare guda. Wadda za ta tsaya a wurin nan ba kai hari kaɗai ne aikinta ba, ita ce ke fara tare hanya idan ƙwallo ta kuɓuce. 'Yan tsakiyar Ostireliya biyu ne tak. Katrina Gorry ƙarama ce a jiki duk da zafin namanta, ba banza ake ce mata Mini ba. Kyra Cooney-Cross shekararta 21. Najeriya za ta zo da uku a tsakiya: Ucheibe, Ayinde, Toni Payne. Uku a kan biyu. Van Egmond 'yar tsakiya ce tun asali, za ta riƙa komowa ta cike na ukun. Sannan ga tsayi, ga iya bugun tazara, ga natsuwa. Ku tuna Fabrairun 2020 a Sidni, wasan neman gurbin Olamfik da Chaina, ita ta farke a ƙarin lokaci. Ku tuna Townsville a Afrilun bara da New Zealand, ana bin su 1-0 har lokaci ya cika, ita ta farke, Kerr ta ƙara. Wannan ce gasar duniyarta ta huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Amira (Melbon):
Duk ƙwallayen da ka lissafa na ceto ne, bayan an shiga uku. Ni so nake kada a shiga ukun tun farko. Kuma tsakani da Allah van Egmond ba ta da sauri. In ka haɗa ta da Foord a gaba, wa zai riƙa kutsawa bayan Ohale da Demehin, 'yan bayan Najeriya?

Autan Zaure (Perth):
Anti ni ina da wata shawara daban. A mayar da Foord gefen hagu, inda take bugawa a Arsenal. Catley tana bayanta a can ma, sun san juna ko ido rufe. A kawo Vine tsakiya ta riƙa gudu a bayan 'yan baya. Foord in ta juya wa raga baya tana kokawa da manyan 'yan baya, rabin wasanta ya tafi.

Malam Koci (Zariya):
Auta ka yi magana. Wannan ita ce shawara mafi kyau da aka kawo zuwa yanzu, sai dai ba na jin za a bi ta gobe. Da Fowler tana nan da sai in ce a yi hakan kai tsaye, ita ta zauna a tsakiya. Vine kuwa gudu ne makaminta, kuma gudu sai da fili. A gefe ma Ayalan ta shaƙe ta, balle a tsakiya inda babu wurin juyawa.

Na Maraɗi:
Ni abin da ban gane ba, ƙasa mai masaukin baƙi, shekara uku da sanin za ta karɓi gasa, a ce wasa na biyu kawai ta rasa lamba tara? Ina sauran 'yan ƙasar?

Maman Amira (Melbon):
Yawwa. Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Suna nan. A jerin farko na mutum 29 akwai Larissa Crummer, Remy Siemsen da Emily Gielnik, duk 'yan gaba. Aka zubar da su aka ɗauki Kyah Simon, wadda jijiyar gwiwarta ta tsinke a Oktoban bara tana Tottenham, kuma tun lokacin ba ta buga wasa ko ɗaya ba. Ba na raina ta wallahi. Ita ce 'yar asalin ƙasar nan ta farko da ta ci ƙwallo a gasar duniya, a 2011 da Norwe. Amma wannan kamar mutum ne ya kama hanyar nesa da safayar da ba iska, yana cewa zai buga mata a gaba. Ga shi taya biyu sun fashe tun ba a yi nisa ba.

Kuma doka ta ba shi dama. Har zuwa awa 24 kafin wasan farko ana iya canza wadda ke da rauni. Bai canza ba.

Ɗan Kaduna:
Gara da ba ta warke ba. Mu ba mu manta da ita ba. Winnipeg, 2015, Ostireliya 2 Najeriya 0, ita ta ci duka biyun. A wasan ne ma Ugo Njoku ta kai wa Sam Kerr gwiwar hannu a fuska, aka dakatar da ita wasa uku. Akwai tsohon bashi a ƙasa.

Baban Hanifa (Birisben):
Hajiya, a kan Simon ba zan ja da ke sosai ba. Amma a yi wa mutumin adalci. Gielnik ita ma da rauni take fama. Crummer kuwa an gwada ta sau da yawa a bara da bana, ku ne nan kuka riƙa cewa a cire ta. Lissafinsa shi ne mutum ta 23 ba ta cika buga wasa ba, to gara mai gogewa wadda za ta iya shigowa minti goma a zagaye na gaba ko ta buga fenariti. Wa ya san Kerr za ta ji ciwo ana gobe wasa, Fowler ta bi bayanta cikin mako guda?

Maman Amira (Melbon):
Ai don abin da ba a sani ba ake ɗaukar benci.

Na Maraɗi:
To ita Fowler ɗin in ta tashi gobe garau, ba za a iya lallaɓawa ta buga ko rabin lokaci ba?

Anti Nas (Sidni):
A'a ƙanena, ba a wasa da wannan. Buguwar kai ba irin targaɗe ba ce da za a ɗaure a shiga fili. Ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Mutum zai iya tashi yana dariya, ba ciwon kai ba jiri, amma in ya sake buguwa kafin ta huce, na biyun ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake bi mataki-mataki: hutu, sai motsa jiki kaɗan, sai gudu, sai atisaye ba karo, sannan cikakken atisaye. In wata alama ta dawo a wani mataki, a koma baya. Daga Talata zuwa Alhamis ba zai ishi wannan ba ko da wasan ƙarshe ne. Yarinya ce 'yar shekara 20. Fatan da ake shi ne ta samu wasan Kanada ranar Litinin.

Na Kerr kuma nama ne, shi ma yana da nasa halin. Sha-raɓa in aka yi mata gaggawa sai ta sake yagewa, kuma Kerr duk wasanta tsalle ne da zabura.

Ɗan Kaduna:
Ni fa har yanzu ban yarda da labarin Kerr ɗin nan ba. Mutanen da suka zaunar da ita gaban 'yan jarida ana gobe wasan Ayalan, da ciwon a ƙafarta, ba wanda ya ce uffan, sai saura kamar awa ɗaya a take wasa aka sanar. Me zai hana gobe mu gan ta ta cire riga a minti na 70?

Baban Hanifa (Birisben):
Haha, tsoro ne ya kama ka. Ɓoyewar farko ta yi musu amfani don Ayalan ta shirya wa Kerr ne. Amma sanarwar da aka fitar a fili take, wasa biyu, sannan a sake dubawa. Za ka gan ta a benci da babbar rigar sanyi tana ihu, iyakarta ke nan.

Autan Zaure (Perth):
Jama'a ni zan fita, mun nufi filin wasa kallon Kanada da Ayalan. Hadari ya haɗu sosai. Zan riƙa leƙowa.

Malam Koci (Zariya):
A dawo lafiya Auta.

Kafin ya dawo, mu juya bayan Ostireliya, don kowa gaba yake kallo. Ellie Carpenter da Catley dukansu hawa suke yi. Carpenter musamman, tun da ta dawo daga ciwon gwiwar da ta ji a wasan ƙarshe na zakarun Turai tana buga wa Lyon a 2022, gudunta bai ragu ba, kusan 'yar gaba ce ta biyar. In suka hau su biyu a lokaci guda, Clare Hunt da Alanna Kennedy ne kaɗai a gida. Hunt a Fabrairun bana ta fara buga wa ƙasa. Na yarda tana wasa kamar ta shekara goma a wurin, amma gasar duniya daban. Kennedy kuwa kusan duk kakar da ta wuce da rauni ta yi ta fama a Manchester City. Yanzu ka ɗauki Ajibade a gefe ɗaya, Kanu ko Ordega a ɗayan, Oshoala a tsakiya, ƙwallo ɗaya doguwa daga Plumptre. Wannan shi ne abin da zai hana Gustavsson barci, ba rashin lamba tara ba.

Da ni ne, sai in ce wa Catley ta rage hawa, a bar Carpenter ita kaɗai ta riƙa tafiya.

Maman Amira (Melbon):
Amma Malam in Catley ta zauna, wa zai riƙa kawo ƙwallo daga hagu? Ƙafar hagunta ita ce mafi kyau a ƙungiyar.

Malam Koci (Zariya):
Bugun kwana yana nan, ita ke bugawa. Kuma ina kyautata zaton in Ostireliya za ta ci gobe, daga kwana ko bugun tazara ne. Kennedy tana da kai, ku tuna wanda ta ci Birtaniya a Olamfik ɗin Tokyo. In abin ya ƙi har minti na 80, kada ku yi mamaki a sako Polkinghorne a baya a tura Kennedy gaba ta zama lamba tara ta dole.

Ɗan Kaduna:
Ku ɗaga sama mana. Chiamaka Nnadozie tana jira. Wadda ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada, matar da ta fi kowa cin ƙwallo a wasannin ƙasa da ƙasa, maza da mata. Kuma Malam ka daina cewa Oshoala kaɗai. Christy Ucheibe ce ba a faɗa, ita ta riƙa share gaban 'yan baya a Melbon.

Anti Nas (Sidni):
Wani abin dariya, Chidiac da Uchenna Kanu ƙungiya ɗaya suke a Amurka, Racing Louisville. In duk an sa su gobe, abokan wasa ne za su kara.

Maman Amira (Melbon):
In an sa ta. Allah Ya sa.

Autan Zaure (Perth):
Kai jama'a! Minti huɗu da farawa, Katie McCabe ta Ayalan ta buga kwana ta shige raga kai tsaye ba wanda ya taɓa. Filin nan kamar a Dublin muke, duk kore ne. Ruwa kuma ake yi ba na wasa ba.

Baban Hanifa (Birisben):
Wannan kwanar ce ta so ta yi wa golar Ostireliya Mackenzie Arnold a Sidni. Minti goman ƙarshe na wasan nan ban zauna ba.

Na Maraɗi:
Tun da an ambaci Arnold, ita ba a maganar canza ta? Na san Lydia Williams ce golarsu da.

Maman Amira (Melbon):
Wannan kam an rufe. Williams ta daɗe, Teagan Micah ce ta tsare raga a Olamfik har ta tare fenariti a wasan Birtaniya, amma tun gasar Cup of Nations ta Fabrairu da Arnold ta zama gwarzuwa ba wanda ya sake ɗaga maganar. Ba a ci ta a wasan Ingila ba, ba a ci ta a na Faransa ba, ba a ci ta a na Ayalan ba.

Autan Zaure (Perth):
An tashi. Kanada 2, Ayalan 1. Megan Connolly ta ci gida dab da hutun rabin lokaci, Adriana Leon ta ƙara bayan an dawo. Ayalan ta fita. Na jiƙe sharkaf.

Malam Koci (Zariya):
Sannu Auta, ka sha shayi mai citta. To ga teburi: Kanada 4, Ostireliya 3, Najeriya 1, Ayalan 0.

Ostireliya ta ci gobe, maki 6, ta haye zagaye na biyu, ba sai an jira Litinin ba, kuma za ta iya barin Kerr ta ƙara hutawa. Canjaras, ita da Kanada 4-4, Najeriya 2, komai ya koma ranar ƙarshe, kuma Najeriya ce ke da wasa da wadda ta riga ta fita. Najeriya ta ci, mai masaukin baƙi ta koma ta uku, ta je Melbon kusan dole sai ta doke zakarun Olamfik. Shi ya sa nake cewa nauyin a kan Ostireliya yake. Kunnen doki bai kashe Najeriya ba, amma ya jefa Ostireliya cikin lissafi.

Baban Hanifa (Birisben):
Kuma ba hayewa kaɗai ba. Ta ɗaya a rukunin nan za ta haɗu da ta biyu a rukunin D, ta biyu kuma ta haɗu da ta ɗaya, wadda kowa ke zaton Ingila ce. Ba mai son Ingila tun a zagayen 'yan 16.

Ɗan Kaduna:
Baba tsakaninka da Allah, gobe wa kake goyon baya?

Baban Hanifa (Birisben):
Kada ka haɗa ni faɗa da gidana. Hanifa ta riga ta goge rigarta ruwan ɗorawa mai lamba 20, ta ɗaura ƙyalle a gashi irin na Raso. Ni koriyar hula zan sa in yi shiru. Amma in ka tambaye ni abin da nake gani, 2-1 Ostireliya. Nan gidansu ne na gaske, a garin nan sansaninsu yake, Gorry da Polkinghorne da Raso duk haifaffun Birisben ne. Kuma filin Lang Park ba irin na Sidni ba ne mai faɗi. Don wasan zari-ruga aka gina shi, kujeru sun matso har bakin layi, mutum dubu hamsin in suka yi ihu a kanka yake sauka.

Ɗan Kaduna:
A Rabat mutum tara muka rage a gaban 'yan Maroko cike da fili, muka kai su har fenariti. Ihu ba ya cin ƙwallo. Najeriya 1-0, Ajibade.

Maman Amira (Melbon):
Ni zuciyata ba ta kwanta ba. FIFA ta ce Ostireliya ta 10, Najeriya ta 40, amma Kanada ma ta 7 ce. Kuma na ga wannan ƙungiya a gasar Asiya ta bara, sun yi ta ɓarar da dama har Ji So-yun ta buga musu ɗaya daga nesa, Koriya ta Kudu ta kore su, alhali ranar Kerr tana fili. In ba a ci da wuri ba, 1-1.

Malam Koci (Zariya):
Ni ba na ba da sakamako. Abin da zan kalla shi ne minti 15 na farko bayan hutu, da kuma lokacin da Gustavsson zai fara taɓa benci. In ya kai minti na 75 bai motsa ba, Hajiya za ta fasa waya.

Alhamis, 27 ga Yuli

Na Maraɗi:
Ƙarfe nawa ne a wurinmu don Allah?

Anti Nas (Sidni):
8 na dare a nan, 11 na safe a Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi, 10 a Gana. Masu ofis sai a nemi dalili.

Ɗan Kaduna:
Mai gidan kallon unguwarmu ya ce ba ya tada inji da safe saboda ƙwallon mata, ga tsadar mai. Muka haɗa masa kuɗin lita uku. Yanzu haka benci biyu sun cika, har da waɗanda suka yi mana dariya jiya.

Baban Hanifa (Birisben):
Mun sauka a tashar Milton, ana ta tururuwa, sanyi kaɗan-kaɗan. 'Yan Najeriya sun taru a wata kusurwa da ganguna, ba su da yawa amma ana jin su. Ga jerin Ostireliya ya fito: Arnold, Carpenter, Hunt, Kennedy, Catley, Raso, Gorry, Cooney-Cross, Vine, van Egmond, Foord. Canji ɗaya tak daga wasan Ayalan. Hajiya ina gaisuwa.

Maman Amira (Melbon):
Na gani Yaya. Ka canki abin da zai yi, ba ka nuna cewa daidai ne ba. Mu haɗu bayan minti 90.

Ɗan Kaduna:
Inna lillahi. Ku duba namu. Nnadozie, Alozie, Ohale, Demehin, Plumptre, Ucheibe, Ayinde, Ajibade, Payne, Kanu, Onumonu. Oshoala a benci! Gwarzuwar Afirka sau biyar, 'yar Barcelona, a wasa irin wannan? Me Waldrum yake nufi?

Malam Koci (Zariya):
Kwantar da hankalinka. A wasan Kanada ita kaɗai aka bari a gaba, ƙwallo ba ta isa gare ta ba sai jefi-jefi. Ifeoma Onumonu ta fi ta riƙe ƙwallo ta jira 'yan gefe su iso, kuma za ta yi ta bin Hunt da Kennedy tana gajiyar da su. Ajibade da Kanu ne za su yi gudun. Ka ƙaddara an kai minti na 60 wasa bai rabu ba, Carpenter da Catley sun yi ta hawa da sauka, sannan a ɗaga allo a sako Oshoala da sabuwar ƙafa. Waldrum yana da abin da zai sako. Ɗaya bencin fa? Chidiac, sai Tameka Yallop da ta ji ciwo a wasan Faransa, sauran 'yan baya ne da masu tsare tsakiya.

Autan Zaure (Perth):
Wato yau bencin Najeriya ya fi na masu gida haɗari.

Maman Amira (Melbon):
Tun jiya nake faɗa.

Ɗan Kaduna:
Ni dai ban gamsu ba Malam. In aka ci mu tun kafin ta shigo, kai zan nema.

Baban Hanifa (Birisben):
Layinmu ya matsa, za a duba tikiti. Waya ba ta kamawa sosai a ciki, sai hutun rabin lokaci in na samu. Auta, ka riƙa sa wa mutanen ofis sakamako.

Autan Zaure (Perth):
To Baba. Ina gaban talabijin.